Katin Hannu Ya Fi Na Kanti

Ina so in yi magana a kan abin da wasu za su ce ƙarami ne, wato katin gaisuwar Sallah. A ganina, katin da mutum ya buga da hannunsa ya fi na kanti daraja, ya kuma fi saƙon waya nesa ba kusa ba.

Asalin sayar da kati ba namu ba ne. A Ingila aka fara buga katin Kirsimeti na sayarwa, a shekarar 1843, bisa ƙoƙarin wani Bature mai suna Henry Cole. Shi ya sa in ka duba yawancin katunan kanti, furen da ke jiki baƙo ne, rubutun kuma Turanci. To, tsohuwar da ke ƙauye, wadda ba ta yi boko ba, me za ta gane a ciki? Amma in ta ga furen kuɓewa, rawaya da jan ciki, ai ba sai an yi mata tafinta ba.

Aikin kuwa ba wuya. A sami robar goge fensir, ko gindin tsohon silifas, a zana siffar a kai, a bi da reza a hankali ana cire gefe har zanen ya taso. Shi ke nan, an sami hatimi. Furen kuɓewa ɓangare biyar gare shi, saboda haka ɓangare ɗaya kawai za a sassaƙa, a danna shi sau biyar a kewaye. Sai a yi wani ƙarami na ganye, da wani na tsakiya. A ninke tsumma cikin murfin gwangwani, a ɗiga masa tawada, nan za a riƙa dangwala hatimin. A fara da launi mai haske, a bari ya bushe, sannan mai duhu ya hau. Wanda zai sassaƙa "Barka da Sallah" ya tuna a juye ake yin haruffan, kamar yadda suke fitowa a madubi. In ba haka ba, sai gaisuwa ta fito a baibai!

Na sha jin samari a ɗakin kwana suna cewa zanen fure aikin mata ne, ko kuwa ɓata lokacin karatu ne. Ina tambayarsu: wa ke yi wa allon sauka zayyana? Ba malamai ba ne? Masu sassaƙa hatimin ofisoshi a kasuwa fa, ba da wannan sana'a suke ci da iyalinsu ba? Batun lokaci kuma, hirar da muke yi ran Asabar bayan wanki ta isa a buga kati goma, tun da hatimi ɗaya zai yi ta aiki har ya gaji.

Akwai kuma maganar kuɗi. Ɗan guzurin da iyayenmu ke ba mu, da gumi suka same shi. Bai kyautu mu ɗebi kuɗinsu mu sayo musu gaisuwar da wani ya rubuta ba.

Saboda haka ina roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu ɗakin zane yammacin Asabar biyu kafin hutun Sallah, tare da malami guda mai lura da reza. Kwali da tawada kaɗai muke bukata. Tsofaffin silifas kam, ga su nan jibge a bayan ɗakin wanka.