Kayan binciken matsalar intanet a iyakar Bagudo

Kayan binciken matsalar intanet manhajoji ne da ke nuna inda sadarwa ta katse da kuma kafar da ɓarayin bayanai za su iya bi. A Bagudo, ƙaramar hukumar jihar Kebbi mai iyaka da Jamhuriyar Benin, masu POS da shagunan kwamfuta sun fi kowa buƙatarsu, domin katsewar layi na tsayar musu da ciniki.

Matsalar iyaka

A garuruwa irin su Tsamiya, waya kan iya kama turken sadarwar Benin. Lambar ƙasa ta MCC ce ke tona hakan: 621 ta Najeriya ce, 616 ta Benin. Wanda bai duba ta ba sai ya kai lafiyayyar na'ura wurin gyara.

Manhajojin

Ping na gwada ko saƙo ya isa, traceroute kuma na nuna zangon da ya maƙale. Nmap, wanda ya fito a 1997, na gano ƙofofin da aka bari a buɗe. Wireshark na nuna bayanan da ke wucewa ta layi.

Doka

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Don haka sai da yardar mai na'ura ake binciken tsaronta.