Kada ka fara da CISSP, ka fara da abin da hannunka zai iya

Daga Barnawa zuwa Narayi har Sabon Tasha, duk matashin da ya fara sha'awar tsaron intanet, sunan da yake fara ji shi ne CISSP. Ana ambatonsa kamar da zarar ka riƙe takardar banki zai kira ka. Ni dai a ganina, idan ba ka taɓa aiki a fannin ba, sa wannan jarrabawa a gaba ɓarnar kuɗi ce.

ISC2, ƙungiyar da ke ba da takardar, tana neman shekara 5 ta aiki mai albashi a aƙalla biyu daga cikin fannoni 8. Ko ka ci, in ba ka da shekarun, ba za a kira ka CISSP ba. Za a ba ka shekara 6 ka cika sharaɗin. Kuɗin zama kuwa ya haura dala 700, ka juya shi zuwa naira ka gani. Tambayoyin ma ba na hadda ba ne. Za a ajiye maka amsoshi huɗu da duk suka yi kama da daidai, a ce ka zaɓi wadda shugaban tsaro zai zaɓa. Wanda bai taɓa ganin kamfani cikin ruɗanin kutse ba, ina zai samo wannan hukuncin?

Security+ ta CompTIA ta fi dacewa da mai farawa: tambaya ba ta wuce 90 a minti 90, ana ci da maki 750 cikin 900. Amma a bar sayen tambayoyin sata da ake yawo da su a Telegram. Sun saɓa wa ƙa'ida, kuma ranar ganawar neman aiki asiri ke tonuwa. Gara ka sa VirtualBox a kwamfutarka, ka ɗora Kali Linux, ka buɗe Wireshark ka ga yadda bayanai ke kai-komo. Ka nemi abokan karatu; CoLab na nan Barnawa tun 2016, masu harkar fasaha na haɗuwa a can.

Ana iya rubuta Security+ daga gida, sai dai da halin wutarmu da netwok, cibiyar jarrabawa ta fi kwanciyar hankali.

Tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanai ta 2023, asibitoci, makarantu da ƙananan bankuna na buƙatar mai kula da bayanan jama'a. A irin waɗannan wurare ake tara shekara biyar ɗin da ISC2 ke tambaya.