Matasan Arewa, Kada Ku Sayi Aikin Da Babu Shi

Ƴan uwana na Dogon Dutsi da Tibiri, daga Matankari zuwa Gecheme, daga Dan Kasari zuwa Kore Mairuwa, akwai ɓarawon da ke shigo mana gida ba tare da ya haura katanga ba. Ta waya yake zuwa. Saƙo ne a WhatsApp ko Facebook, ɗauke da tambarin wata ƙungiyar agaji ko kamfanin mai: ana neman direbobi da masu gadi da ma'aikatan jinya, albashi mai tsoka, amma a hanzarta, gobe ake rufewa. Yaro ya kira lambar. Mai ɗauka ya gaishe shi da ladabi, Faransanci tsaf a bakinsa: "Dosiyenka ya yi kyau, saura jika 25 na buɗe shi." Bayan kwana biyu sai kuɗin likita, sannan kuɗin kaki. Uwa ta sayar da tunkiyarta, uba ya fasa rumbun gero tun damina ba ta kankama ba. Ranar da aka ce ya zo Yamai, yana tsaye a tasha da jakarsa, lambar a kashe.

Ku ji da kyau: mai ɗaukar ma'aikaci shi ke biya. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi a lambarsa ta kansa kafin a ga ofishinsa, ɗan damfara ne, ko da rantsuwa ya haɗa. Jarabawar shiga aikin gwamnati ma'aikatar da abin ya shafa ce ke sanar da ita, a ji a Muryar Sahel, a karanta a jaridar Le Sahel, kuma in akwai abin biya, a ofis ake biya, a karɓi takarda mai hatimi. Ga hukumar ANPE da aka kafa domin haɗa masu neman aiki da masu bayarwa. Kuɗin mota zuwa Dosso don tambaya bai kai kuɗin tunkiya ba.

Wanda aka ci wa kuɗi kawai ma ya gode Allah. An sha yaudarar samari zuwa Gana da Kodebuwa da sunan aiki, a karɓe musu takardu, a tara su a gida guda, a tilasta musu kiran dangi su turo kuɗi ko su janyo wani. A 2017 duniya ta ga hotunan da CNN ta nuna ana gwanjon mutane a Libiya. Nijar tana da dokar yaƙi da fataucin mutane tun 2010, da dokar laifukan intanet tun 2019, amma doka ba ta kama wanda ba a kai ƙararsa ba. Kunya ce ke rufe mana baki, shi kuwa macucin da shirunmu yake samun na gaba.

Ku masu ɗaukar ma'aikata da gaske, ku ji tsoron Allah: ku rubuta sunanku da inda ofishinku yake, ku faɗi albashin yadda yake, kada ku sayar da gurbi.

Limamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a. Masu gari da gidajen rediyon karkara, ku maimaita. Matasa, ku tattauna a fada wurin shan shayi, kuma kada ka tura wa abokinka sanarwar da ba ka tabbatar ba. In an riga an cuce ka, kada ka goge saƙon: riƙe lambar da takardar turin kuɗin, ka kai wa jandarma ko ƴan sanda yau ɗin nan.