Fatakwal 2005: Laifin matuƙi ne kaɗai?

Duk lokacin da jirgin sama ya faɗi a ƙasar nan ana tsaka da ruwa da iska, bayani biyu ake ba mu. Jama'a su ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Hukuma ta ce kuskuren matuƙi ne. Na farko imani ne, ba na ja da shi. Na biyun ne nake da magana a kai, domin matuƙin da ake ɗora wa laifin galibi yana cikin gawarwakin, ba shi da bakin kare kansa.

Mu ɗauki hatsarin Sosoliso. Ranar Asabar, 10 ga Disamba 2005, jirgin kamfanin ƙirar DC-9 ya taso daga Abuja zuwa Fatakwal da mutum 110. Biyu kacal suka rayu. Kusan 60 daga cikin mamatan ɗaliban makarantar Loyola Jesuit ta Abuja ne da aka sallama hutun Kirsimeti, iyayensu na tsaye a filin jirgin suna jiran tarbarsu.

Rahoton masu bincike bai wanke matuƙan ba, ni ma ba zan wanke su ba. A ƙa'idar sauka akwai tsayin da idan jirgi ya kai, tilas matuƙi ya yanke hukunci: in ya hango titin ya sauka, in bai hango ba ya ƙara wuta ya koma sama. A Fatakwal ƙafa 307 ne. Sun kai wurin, titi bai bayyana ba, suka ci gaba da gangarowa. Ko da suka yi niyyar komawa sama, bakin alƙalami ya bushe. Iska ta juya musu farat ɗaya, irin juyin nan da ke raka hadari, wanda kan ƙwace wa fukafukai ƙarfin ɗaukar jirgi cikin daƙiƙoƙi.

To amma me ya hana su hango titin? Ruwa ya rufe gari, gaskiya ne, sai dai fitilun titin ma a kashe suke. Filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, a birnin da arzikin man fetur ke bi ta cikinsa, ya rasa hasken da zai nuna wa matuƙi hanya. Filin kuma ba shi da na'urar da ke gano juyin iska ta yi gargaɗi. Da jirgin ya taɓa ƙasa a kan ciyawa, gefen titin, wutsiyarsa ta daki wani kwalbatin kankare na magudanar ruwa, ya tarwatse ya kama da wuta. Wannan kwalbatin ba hadari ne ya kawo shi ba. Wani ne ya zana shi, wani ya sa hannu, wani ya biya ɗan kwangila, wasu kuma suka yi ta wucewa ta gabansa ba su ce uffan ba. Matuƙan sun yi kuskurensu cikin ƙiftawar ido, ruwa na dukan gilashi. Waɗancan sun yi nasu a zaune, a ofis, da isasshen lokacin tunani. Ni a ganina alhakinsu ya fi nauyi.

Ba a cika shekara ba, ranar 29 ga Oktoba 2006, irin wannan iska ta kayar da jirgin kamfanin ADC jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Sai bayan waɗannan rashe-rashen aka fara kafa na'urorin gano juyin iska a manyan filayenmu.

Mu fasinjoji ma akwai namu kason. Ku lura da ɗakin jira a Kano lokacin hunturu, idan hazo ya sauko aka ɗage tashi. Nan take za a yi wa ma'aikaciyar kanta caa, wani na ɗaga tikiti yana cewa yana da ɗaurin aure, wani na barazanar kiran manya. Kamfani kuwa lissafin man da za a ƙona da kuɗin otal yake yi idan aka karkata jirgi zuwa wani gari. Duk wannan matsin yana bin matuƙi har kujerarsa, ko da babu wanda ya furta masa kalma ɗaya.

Hazo zai sake saukowa, damina ma haka. Kafin nan, ya kamata hukumar kula da filayen jiragen sama, FAAN, ta fito ta faɗa mana filayen da fitilunsu da janaretocinsu ke aiki, da ranar ƙarshe da aka gwada su, da sunan jami'in da ya sa hannu.