SHARHI: Dillalan Gidaje da Ladabin Amsar da Na'ura Ke Bayarwa a Madadinsu

Sanin kowa ne cewa dillali ba shi da wani jari da ya wuce bakinsa. Gidan da yake nuna wa mai haya na wani ne, filin da yake aunawa na wani ne, hatta kuɗin da ke bi ta hannunsa amana ce, in ban da 'yar la'adarsa. Abin da ke kawo masa ciniki shi ne yardar da mai gida da mai neman gida suka yi da maganarsa. Saboda haka duk wanda zai yi magana da sunan dillali, wajibi ne dillalin ya san abin da yake faɗa.

A da, idan dillali ya fita kai baƙo ganin fili, yaron ofis yake bari, wanda zai ba mai zuwa wurin zama, ya ce masa maigida zai dawo bayan la'asar. A yau, a ofisoshin dillalan gidaje na Legas da Abuja da Fatakwal, na'ura ce ta karɓi wannan aiki. Dillali kan rubuta wasiƙa guda ya ajiye a akwatinsa na imel, duk wanda ya aiko da tambaya sai kwamfuta ta mayar masa da ita nan take, ko da tsakar dare ne. Haka nan manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a shekarar 2018, tana da saƙon maraba da saƙon ba-na-kusa masu tafiya da kansu. Abin takaici shi ne, dillalai da yawa sun ɗauki wannan sabon yaron ofis aiki ba tare da sun koya masa ladabi ba.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke Kano yana neman sito a kusa da tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja yana neman gida a Kubwa ko Lugbe kafin a koma makaranta. Irin wannan mutum bai san dillalin ba, bai taɓa taka ofishinsa ba, kuma kuɗin da zai fitar mai yiwuwa tarin shekara guda ne. Amsar farko da ta zo masa ita ce fuskar dillalin gaba ɗaya. Hausawa kuwa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Babu shakka saurin amsa yana da daraja a kasuwa. Wani bincike da mujallar Harvard Business Review ta buga a shekarar 2011 ya gwada kamfanoni 2,241 a Amurka, aka tarar kashi 37 cikin 100 ne kawai suka amsa tambayar mai son saye cikin sa'a guda, kashi 23 kuwa ba su amsa ba ko kaɗan. Wani bincike dabam da aka kawo a wannan rahoton ya kuma nuna cewa waɗanda suka tuntuɓi mai tambaya cikin sa'ar farko sun fi waɗanda suka ƙara ko da sa'a guda damar ƙulla magana da shi har kusan ninki bakwai. Sai dai a lura, tuntuɓar da ake nufi ta ɗan Adam ce. Amsar na'ura tana riƙe baƙo ne kurum a zaure kafin maigida ya fito, kuma baƙon da aka bari a zaure har rana ta faɗi ba zai sake dawowa ba.

Ladabi na farko shi ne gaskiya. Ya kamata wasiƙar ta faɗa tun a layin farko cewa na'ura ce ta aiko ta, kuma ba a riga an karanta tambayar ba. Wasu dillalai kan tsara ta kamar mutum ne ya zauna ya rubuta, har su ce gidan da aka tambaya yana nan, alhali na'urar ba ta san ko an ba da shi haya tun makon jiya ba. Mutumin da ya biya kuɗin mota daga Sakkwato zuwa Legas bisa wannan magana, ya iso ya tarar da labule a tagogin gidan, ba na'ura zai kira maƙaryaciya ba. Bugu da ƙari, dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana yaudarar mai saye da bayanin da ba gaskiya ba.

Na biyu shi ne cika alƙawari. Kalmar "nan ba da jimawa ba" ba ta da ma'ana ga wanda mai gida ya ba wa'adin tashi. Abin da yake bukatar ji shi ne ranar da za a amsa masa, da sa'o'in da ofis ke buɗe, da lambar wayar ofis idan lamarin na gaggawa ne. Idan dillali ya san ba ya duba wasiƙu daga azahar ɗin Juma'a zuwa safiyar Litinin, to, ya faɗi haka. Gara a ce wa mutum kwana 2 a amsa masa cikin kwana 1, da a ce masa sa'a 1 a bar shi mako guda. Akwai kuma sakacin barin tsohuwar sanarwa, inda za a ga wasiƙa tana ba da hanzarin hutun Kirsimeti a watan Maris, ko tana cewa maigida ya tafi aikin Hajji alhali alhazai sun daɗe da dawowa. Wanda bai iya kula da sanarwar layi uku ba, da wuya a yarda ya kula da takardar mallakar fili.

Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kada maganar kuɗi ta shiga amsar na'ura. An sha ganin wasiƙun da ke cewa kafin a nuna gida sai an tura kuɗin dubawa zuwa lambar asusu kaza. Wannan ita ce ainihin sigar wasiƙar 'yan damfara, waɗanda suka samo laƙabinsu daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuffuka, kuma waɗanda saboda su ne aka yi dokar hana damfarar neman kuɗi tun kafin aiki ta 2006. Duk wanda ya zaga unguwannin Legas ya ga gidajen da aka rubuta wa a bango da jan fenti cewa ba na sayarwa ba ne. A kasuwar da masu gida ke yin irin wannan gargaɗi, dillalin kirki ba shi da dalilin sa rigar ɓarawo.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce zubar da mutunci. Idan 'yan damfara suka sace mabuɗin sirrin akwatin imel na dillali, abu mafi sauƙi gare su shi ne su sauya lambar asusun da ke cikin wasiƙar, na'ura ta ci gaba da raba ta ga jama'a da sunan dillalin. Hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, wato FBI, ta ce a shekarar 2023 kaɗai an kai mata ƙarar asarar kimanin Dala biliyan 2.9 ta hanyar kutse da sojan gona a wasiƙun kasuwanci, cinikin gidaje kuwa yana cikin wuraren da ake kai wa hari. Abin da ya dace wasiƙar ta ƙunsa shi ne gargaɗi cewa ofishin ba ya karɓar kuɗi ko sauya lambar asusu ta imel. Idan za a iya tunawa, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sa masu harkar gidaje cikin waɗanda za su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, su kuma san abokin hulɗarsu. Na'urar da ke miƙa lambar asusu ga duk wanda ya rubuto ba ta san kowa ba.

Na huɗu shi ne rufin asiri, na dillali da na abokin ciniki. Ba lallai ne duniya ta san cewa maigida yana Dubai har ranar 20 ga wata, ko kuma sunan akawun da ke riƙe da ofis a bayansa ba. Da irin wannan bayani ne ɗan damfara ke buga wa akawu waya da sunan maigida ya ce a biya wani kuɗi cikin gaggawa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗaya ɓangaren, ba daidai ba ne amsar farko ta nemi hoton katin ɗan ƙasa da takardar albashi da bayanan asusun banki daga mutumin da ya tambayi kuɗin haya kawai. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta shimfiɗa ƙa'idar cewa kada a karɓi bayanan mutum fiye da bukata, kada kuma a yi amfani da su a wata manufa dabam. Don haka wanda ya yi tambaya sau ɗaya bai ba da izinin a riƙa cika masa akwati da tallar fulotai kowace safiya ba.

Na biyar ya shafi harshe da gaisuwa. Na'ura ba ta san ko namiji ne ya rubuto ko mace, ko dattijo ne ko matashi, ko Musulmi ne ko Kirista. Dillalin da ya rubuta wasiƙarsa da Hausa yana cewa "mun samu saƙonka, Alhaji" zai wayi gari ya kira hajiya mai gidaje goma da alhaji. Hausa ta tanadi mafita, wato "ku" na girmamawa, wanda ya dace da kowa. A birane irin su Legas, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo ke neman shago a layi ɗaya, hikima ce a rubuta wasiƙar da Turanci, a biyo da gajeriyar fassara cikin harshen da abokan cinikin ofishin suka fi ji. Illar amsar da mai karɓa bai fahimta ba ta bayyana a birnin Swansea na Birtaniya a shekarar 2008, lokacin da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka aika a fassara musu allon hanya zuwa harshen Wales, amsar na'ura ta dawo cewa mai fassara ba ya ofis, su kuwa suka ɗauka fassarar ce, suka buga ta a allo suka kafa a bakin titi.

Na shida shi ne kada a dami mutum. Ƙa'idar da masu tsara intanet suka fitar a shekarar 2004 kan irin waɗannan amsoshi ta ba da shawarar kada a maimaita amsa ɗaya ga mutum ɗaya cikin kwana 7, kada kuma na'ura ta amsa wa 'yar'uwarta na'ura, don gudun su yi ta mayar wa juna wasiƙa ba iyaka. Gmail ba ya sake aika amsar sai bayan kwana 4, Outlook kuwa yana ba da damar rubuta amsa ɗaya ga ma'aikatan ofis, wata dabam ga mutanen waje. Lauyan da ake tsakiyar rubuta yarjejeniya da shi bai cancanci a riƙa yi masa maraba kamar baƙo ba duk lokacin da ya aiko da gyara.

Wasiƙar da ta cika waɗannan sharuɗɗa ba ta bukatar wuce layi biyar. Alal misali: "Barkanku da war haka. Wannan amsa ce ta na'ura, don ku san saƙonku ya iso. Ma'aikacinmu zai karanta ya amsa muku kafin ƙarfe 4 na yammacin ranar aiki ta gaba. Muna roƙon kada ku tura kuɗi ga kowa da sunanmu kafin ku ga gidan da takardunsa. Mun gode." Sai sunan ofis da adireshinsa da lambar rajistarsa su biyo baya.

Wasu dillalai za su ce kuɗin dubawa ne ke raba mai saye na gaskiya da mai yawon buɗe ido, ga kuma tsadar man fetur tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023. Wannan hanzari ne mai ƙarfi, babu kuma wanda ya ce dillali ya yi zirga-zirga a banza. Amma wurin wannan magana shi ne bayan mutum da mutum sun yi magana, an san juna, an kuma ba da rasiɗi. Wasu kuma za su ce ai ba hannunsu ne ya aika ba. Sai su tuna cewa sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da kwamfuta ta fitar a matsayin hujja. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana neman kuɗin haya na fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya a yawancin sassan jihar, saboda haka dillalin da ya bar na'urarsa tana shaida wa kowa cewa sai kuɗin shekara 2 ya rubuta wa kansa takardar tuhuma ne, ya kuma raba kwafinta.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gaban shugabannin wannan sana'a. Hukumar rajistar masu kiyasta darajar gidaje da filaye, wadda doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa, da hukumar LASRERA mai sa ido kan harkar gidaje a Legas, da ƙungiyoyin dillalai na jihohi, za su iya tsara samfurin wasiƙa guda ga 'ya'yansu, tare da wajabta sanya lambar rajista a ƙasanta, yadda mai neman gida daga nesa zai iya bincikawa kafin ya fitar da ko kwabo. Kafin a kai ga haka, kowane dillali yana iya aika wa ofishinsa tambaya yau daga wani akwati dabam, ya karanta abin da zai dawo masa da idon baƙo. Idan ya ga maganar da ba zai yarda yaron ofis ya faɗa wa dattijo a zaurensa ba, to, ya goge ta tun kafin wani ya riƙe shi da ita, domin magana zarar bunu ce.