Uwargida, Wa Ke Ɗinka Miki Ra'ayi?

 Yau ina so mu tattauna a kan wani baƙo wanda yake shiga gidajenmu ba sallama, ba ya jiran izinin maigida, kulle kuma ba ya hana shi ƙetare zaure. Watau ina nufin rediyo da talabijin da jarida, da autarsu wayar hannu. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa soro, amma muryar mai karanta labaru tana tare da ke a gindin murhu kina tuƙa tuwo, tana tare da ke a bakin gado kina shayar da jariri. Wanda ya sami irin wannan shiga kuwa, lalle ya kamata a tsaya a duba abin da yake kawowa.

A zamanin kakanninmu, labari sai a bakin sanƙira, ko dillaliya, ko fatake in sun sauka. Da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, mutum ɗaya ke karantawa a dandali jama'a suna saurare, mu mata kuwa sai abin da maigida ya ga dama ya shigo da shi. Rediyo ita ce ta rushe wannan katanga. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Amurka ta fara Hausa a 1979. Da ɗan akwati mai batir ya yi araha, sai macen da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san abin da ake ciki a Masar da Ingila. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yanzu kuwa kafin ruwan koko ya tafasa saƙo ya tashi daga Legas ya sauka Sakkwato. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Sai dai wuƙar da ke yanka miki albasa ita ce ke yanke yatsa in an yi sakaci.

To, ta yaya waɗannan kafofi suke ɗinka wa mutum ra'ayi har ya sa ya fita da shi yana tsammanin shi ya ɗinka? Da farko dai su ne suke zaɓen abin da za a yi hira a kansa. Abubuwa dubu suna faruwa kowace rana, amma goma ake karantawa a labaru, goman nan kuma su za ki ji a gidan suna da gidan biki. Abin da suka yi shiru a kansa kamar bai faru ba. Sa'an nan akwai maimaici. Maganar da kika ji da safe, kika sake ji da azahar, kishiyarki ta maimaita miki da dare, ko da ba ta da tushe sai ta zauna a zuciya kamar karatun allo. Bugu da ƙari akwai muryar mai faɗa. In malami ne ko likita ko wani mai rawani, da wuya mu tambayi hujja. Wanda ya fi duka ƙarfi kuwa shi ne labarin da ya tarar da tsoro a kwance cikin zuciya, ya tashe shi.

Kada ku ce malama tana ta zuba ne kawai. Ga misali wanda ya faru a ƙofar gidajenmu, kuma 'ya'yanmu ne suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu.

A shekarar 1988 ƙasashen duniya suka ɗaura aniyar kawar da cutar shan inna, lokacin tana gurgunta yara wajen 350,000 kowace shekara. Aiki ya yi nisa, sai a 2003 magana ta tashi a Arewa cewa wai an zuba wa ɗigon rigakafin maganin hana haihuwa, waɗansu ma suka ce har da ƙwayar cutar ƙanjamau. Waɗanda suka faɗa ba 'yan tasha ba ne, manya ne masu faɗa a ji. Gidajen rediyo suka yi ta hira da su, jaridu suka buga, aka kwashe zuwa majalisu da tsakar gida. Jihar Kano da waɗansu jihohi suka dakatar da rigakafin. A Kano sai da aka yi kusan shekara guda, ba a dawo da shi ba sai watan Yuli 2004, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi.

Ba na zagin iyayen da suka rufe ƙofa a wancan lokaci, domin ruwa ba ya tsami banza. A 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta ɓarke, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ga shi kuma a 2003 ɗin nan kullum rediyo tana kawo labarin yaƙin da Amurka ke yi a Iraƙi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ji-ta-ji-tar ta tarar da gona a share, ta yi tsiro nan da nan.

Amma ina sakamakon? Yaran da shan inna ta kama a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006. Cutar ta ƙetare iyaka ta koma ƙasashe wajen 20 waɗanda da sun rabu da ita, har da Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiya. Manyan da suka yi jawabi sun koma harkokinsu, mai gabatar da shiri ya shiga wani shirin. Wa aka bari da goyon yaro ɗan shekara bakwai wanda ƙafarsa ta shanye? Uwa. Wa ke kwana tana tunanin wanda zai auri 'yarta mai rarrafe? Uwa. Ra'ayin da aka ɗinka a ɗakin watsa labaru, a bayanmu aka ɗaura shi.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mata 'yan uwanmu waɗanda suka fito neman halalinsu. Kwanaki kaɗan kafin nan wani gidan rediyo ya watsa shiri mai tayar da tsohuwar maganar nan, har hukuma ta kama waɗanda suka shirya shi. Ba ni cewa shiri ne ya ɗana kunamar bindiga. Abin da nake cewa shi ne magana zarar bunu ce, kuma wanda yake magana cikin kunnen mutum miliyan ba daidai yake da mai hira a bakin rijiya ba.

Wata za ta ce ai wannan zamanin rediyo ne, yanzu kai ya waye. To, ku tuna da daren gishiri. A watan Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Legas da cutar Ibola. Wajen 8 ga Agusta saƙo ya bazu ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Aka yi ta tashin yara da tsakar dare, 'yan boko da waɗanda ba su yi boko ba duk kanwar ja ce. Aƙalla mutum biyu suka rasu saboda shan gishirin, waɗansu aka kwantar da su asibiti, domin gishiri mai yawa guba ne, balle ga mai hawan jini. Ita Ibolar kuwa mutum 20 ta kama a duk faɗin Nijeriya, 8 suka rasu, kuma ba ta wuce Legas da Fatakwal ba. Cutar ba ta zo Arewa ba, amma saƙon ya shiga kowane lungu. Kowace ta tura wa 'yar uwarta ne don ƙauna, ƙaunar da ba bincike kuwa takan yi kisa.

Na san akwai magidanta waɗanda da sun ji wannan za su ce, ai shi ke nan, a kashe rediyo a ƙwace wayar mata a huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Uwaye nawa ne suka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari daga rediyo, suka ceci 'ya'yansu daga gudawa? Maganar Trovan ɗin ma, ai wata jaridar Amurka ce, Washington Post, ta tona ta ga duniya a shekarar 2000, ba don haka ba da iyayen yaran sun daɗe suna kuka ba mai ji. Kuma da aka tashi gyaran ɓarnar shan inna, da waɗannan kafofi aka yi amfani. Sarakuna a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka shiga gaba, malamai suka yi bayani a rediyo, aka nuna majigi a ƙauyuka, waɗanda cutar ta nakasa suka fito da bakinsu suna roƙon iyaye, mata kuma suka bi gida gida suna lallashin 'yan uwansu. Tun 2016 ba a sake samun shan inna ta asali a Nijeriya ba, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗigon ne domin tana nan a Pakistan da Afghanistan, kuma wani nau'inta yakan ɓulla a inda yara ba su sami rigakafi sosai ba. Kun ga ashe akwatin da ya ɓata shi ne ya gyara. Macen da aka toshe wa kunne ba ta tsira ba, an dai bar ta ne a hannun ji-ta-ji-tar maƙwabta, wadda ba ta da edita ba ta da adireshi.

Abin da ya kamace mu shi ne mu riƙa tankaɗe labari yadda muke tankaɗe gari. Ba wadda za ta zuba gari a tukunya da tsakuwarsa don kawai daga injin niƙa ya fito. In labari ya zo miki, tambayi kanki wa ya faɗa, sunansa wa, aikinsa mene ne. "An ce" ba shi da gida. Sa'an nan ki duba ko wata tasha ta faɗi haka, domin tasha ɗaya kamar shaida ɗaya ce a gaban alƙali. Ki kuma tambaya, wa zai ci riba in na yarda? Kowane gidan watsa labaru yana da mai shi, ko gwamnati, ko ɗan kasuwa, ko ɗan siyasa, ko wata ƙasar waje, kuma maroƙi ba ya zagin wanda ya ba shi riga. Mai tallan man shafawa da ke nuna miki cewa sai fara ce kyakkyawa, kuɗin cefanenki yake hange, in fata ta lalace ba za ki gan shi ba. In kuwa saƙo ya ce ki yi maza ki tura wa mutum goma kafin asuba, to, wannan gaggawar ita ce alamar rashin gaskiyarsa. Maganar lafiya a kai ta asibiti, a tambayi likita ko ungozomar da ta yi karatu. Addininmu ma a cikin Suratul Hujurat ya umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci jama'a cikin rashin sani mu dawo muna nadama.

Ku kuma 'yan makaranta, nauyinku ya fi na kowa. A gidaje da yawa ke ce mai karanta wa Inna saƙo, ke ce mai kunna mata murya a waya. Mu malamai ba mu koya muku karatu don ku zama bututun da kowane ruwa ke bi ba. In kin karanta, ki ce, "Inna, bari mu ji ko rediyo za ta faɗa," ko "Bari in tambayi malamar kiwon lafiya gobe." Faɗin haka cikin ladabi ba rashin kunya ba ne, shi ne amfanin kuɗin makarantar da aka kashe a kanki.

Ga ma'aikatan gidajen rediyo da jaridu kuwa, muna roƙonku ku ji tsoron Allah. In mutum ya zo da magana mai nauyi, komai girman rawaninsa, ku tambaye shi hujja a madadinmu, tun da mu ba mu da halin tambayarsa. In kun yi kuskure, ku gyara da ƙarfin muryar da kuka yi kuskuren. Ku kuma ƙara wa mata fili, kada a tsaya kan girke-girke da gaishe-gaishe kaɗai, domin mu ne muke buɗe ƙofa ko mu rufe ta ranar da masu rigakafi suka yi sallama.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Gaskiya ne, amma sai in abin da kunnen ya ji gaskiya ne. Allah Ya ba mu ikon rarrabe tsaba da tsakuwa, Ya raya mana zuriyarmu cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili. Wassalam.