Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa a Gonakin Minna

Muna yara a Minna, in aka ce noman rani, Kano hankalinmu ke tafiya: Kadawa, Kura, da madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako. A ganinmu sana'ar waɗanda damina ta yi wa rowa ce. Mu nan ruwa kan sauka tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, a shekara a samu wajen milimita 1,200. Bagware ya tada kunyar doya, ya dasa, ya bar wa sama sauran aikin. Ko farin 1973 da ya ƙarar da garkunan shanu a can arewa, labarinsa muka fi ji a bakin baƙin da suka gangaro neman abinci.

Ban manta wani dattijo mai lambu a bakin kogin Chanchaga ba. Jigo gare shi: doguwar sanda, curin laka a gindi, guga a baki. Tun asuba yake ɗaga ruwa yana juyewa a kwalbatin ƙasa, sai rana ta take ya huta, kuma duk wahalar nan a kan fili ne da bai fi tsakar gida ba, na alayyafo da yakuwa da albasa. Mukan yi masa dariya. Yau in na tuna, shi kaɗai ne a cikinmu bai jingina cikinsa da hadari ba.

A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya koguna, kuma wadda ke kula da yankinmu hedikwatarta na nan Minna. Madatsun ruwa kuwa mun samu har ana mana kirari da jihar wutar lantarki: Kainji tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro a 1990 mai megawat 600, ga Zungeru ta baya-bayan nan mai 700. Sai dai duk don wuta aka gina su, ta Tagwai kuma don ruwan shan gari. In ka cire Tungan Kawo da ke wajen Wushishi da fadamun shinkafa na Badeggi, ƙaramin manomi ɗan kallo ne. Abin da ya fi sani game da manyan madatsun shi ne ranar da aka buɗe ƙofofinsu ruwa ya shafe masa gona.

Abin da ya taɓa rayuwarsa da gaske ƙarami ne. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990, wanda zagayensa na biyu ya haɗa da Neja a 2004, ya yaɗa rijiyar burtsatse marar zurfi da ɗan injin ban-ruwa da tiyo. Abin da mutum zai ɗaura a bayan babur da safe, ya dawo da shi gida da yamma. Ba jiran injiniya, ba jiran a buɗe magudana daga ofis. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma mutane sun tona. Amma injin nan fetur yake sha. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 ta kai dubu. Injuna da yawa suka koma ƙarƙashin gado, masu dabara suka mayar da nasu na iskar gas.

Ana cikin haka ita ma daminar ta daina cika alkawari. A Agustan 2024 ruwa ya yi fashin makonni daidai lokacin da masara ke fitar da gemu, har aka fita roƙon ruwa. A ƙarshen Mayun 2025 kuma ruwan dare ɗaya ya yi ambaliya a Mokwa, mutum fiye da 150 suka rasu. Ruwan na zuwa, lokacinsa ne ya rikice.

Nan ne kuskurenmu na yarinta yake. Mun ɗauka ban-ruwa aikin rani ne, alhali yanzu a tsakiyar damina aka fi bukatarsa. Shayarwa biyu ko uku a makonnin fashi kan ceci wahalar wata biyar. Manomin tudu da ke nesa da fadama ba wata Shiroro yake nema ba. Ɗan tafkin da zai tare ruwan Yuli yake so, da iri mai saurin nuna, da wanda zai faɗa masa hasashen damina da Gwaranci ko Nufanci ko Hausa kafin ya zuba iri.

Famfo mai aiki da hasken rana zai raba shi da gidan mai, in an ba shi bashin da zai biya bayan girbi. To amma a ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi, inda 'yan bindiga suka kori mutane daga gonakinsu, wa zai kafa faifan sola a daji ya koma gida ya yi barci?